Motar da Ta Ƙi Hawa Dokin Ƙofa

Wata 'yar mota ce ta haɗa su, motar da tsawonta bai wuce kamu biyu ba. Mansoura tana kan keken ɗinki a shagon innarta a unguwar Tayuri ta birnin Sabha sai ga abar ta zo ta hau dokin ƙofa, cikinta ya maƙale, tayoyin suna ta juyawa a iska.

"Gafara dai, 'yan mata," in ji wani dogon saurayi riƙe da rimot. "Wai gaishe ki ta zo yi, sai kunya ta kama ta."

Mansoura ta yi dariya har allura ta kusa soke ta. Sabiou ke nan, ɗan Damagaram, mai haya a rumfar da ke jikin shagonsu. Yana gyara wa samarin Sabha irin waɗannan motocin wasa da suke hawan duwatsu da su a Wadi Bawanis ranar Juma'a. Kafin wata uku ya zama ba ya ɗaure ƙaramin noti sai ya kira ta, wai yatsunsa sun yi kauri. Ƙarya yake yi, kuma ta sani, amma tana zuwa.

Da la'asar saƙonsa yakan shigo wayarta: "Sheri, masoyiyata, yau kin yi mini rowar murmushi. Me na yi?"

Ita kuma ta mayar: "Ka tambayi motocinka, su ne 'yan gaban goshi."

Matsalar ɗaya ce, Malam Ousseini, mahaifinta. Shekara ashirin yana gyaran manyan motocin hamada, don haka da maganar ta je kunnensa tsaki ya ja. "Ƙato da gemu yana wasan yara? Motar da dokin ƙofa ya gagara, ita ce za ta riƙe mini 'ya?"

Ana cikin haka sai ga Djamila, 'yar mai rumfar da Sabiou yake haya, ta dawo daga Tarabulus da wani kwali. Mansoura tana kallo ta taga. Djamila ta miƙa masa, ta ce, "Ga tsarabarka, Yaya Sabiou," har da wani karya wuya. Shi kuma bawan Allah ya washe baki kamar an ba shi kujerar Makka.

Aksil ne guda biyu a kwalin, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyi, irin wanda suke kira fotal, mai ƙananan giya a gindin kowace taya don ya ɗaga cikin mota sama. Sabiou bai sa su a tsohuwar motarsa ba. Wata sabuwa ya fito da ita, shuɗiya, kuma shuɗin mayafi Djamila take yawan yafawa. Kullum sai ta leƙo ta tambaya ko za a gama kafin Juma'a.

Kishi ya ci Mansoura, wallahi har tuwo ya daina yi mata daɗi. Duk da haka da ya kira ta shafa giris, ta zo, fuska a ɗaure.

"Kin ga wannan babban giyan na tsakiya?" in ji shi. "In aka juya shi, tayoyin gaba su ja gaba, na baya su ja baya. Mota ta tsaya tana faɗa da kanta."

"Ta wa ce motar?"

"Ranar Juma'a za ki sani, hasken idona."

Wannan amsar ce ta ƙarasa ta. Ranar Alhamis ya gwada motar ta yi lafiya lau, ya bar mata tsaron rumfa ya tafi azahar. Mansoura ta ɗauki sukundireba, ta buɗe aksil ɗin gaba, ta juya giyan, ta mayar ta ɗaure. A ranta ta ce Djamila ta je ta hau dutsen mu gani.

Bayan sallar Juma'a tana tsakar gida sai ta ji sallama. Ta leƙa zaure. Sabiou ne da kawunsa Sadissou, ga babanta a kan tabarma, ga shuɗiyar motar a gaban dokin ƙofarsu da 'yar jakar goro ɗaure a bayanta. Ashe kawun ne ya roƙi Malam Ousseini ya ga aikin yaron da idonsa, shi kuma ya ce in motar ta hau dokin ƙofar, a yi magana.

Sabiou ya danna rimot. Motar ta yi gurnani, ta girgiza, ta shiga tona ƙasa a inda take. Ya sake dannawa, haka dai. Gumi ya keto masa.

"To, na gani," in ji Malam Ousseini, yana laluben takalminsa.

Mansoura ta san in ta yi shiru ba wanda zai taɓa ganewa, kuma ta san shirun ne zai raba ta da Sabiou. Ta ja mayafi ta fito, ta durƙusa.

"Baba, aikinsa ba shi da laifi. Ni na juya giyan."

"Ke? Don me?"

"Na zaci ta Djamila ce."

Sabiou ya dube ta, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ni na roƙe ta ta sayo mini aksil ɗin, Mansoura. Shuɗin kuma launin ƙofar shagonku ne."

Ba ta iya ɗaga kai ba. Ta karɓi sukundireba a hannunsa, ta kwance noti huɗu, ta juya giyan, ta ɗaure, hawaye na ɗiga a kan tayar. Malam Ousseini ya fasa sa takalmi, ya matso yana kallon ƙananan giyoyin gindin taya, yana gyaɗa kai irin na wanda ya san aiki. Sabiou ya danna. Motar ta ɗaga hanci, ta taka dokin ƙofar a hankali, cikinta ko gogar siminti bai yi ba, ta sauka a zaure ta tsaya a gaban ƙafarsa.

Tsohon ya kwance goron, ya fasa ɗaya, ya miƙa wa Sadissou rabi. "Yaron ya iya aiki. Amma ka gaya masa wannan kishin na uwarta ne, shekara ashirin da biyar ina fama. In ya ji zai iya, na ba shi."

"Zan iya, Baba," in ji Sabiou, tun kafin kawunsa ya buɗe baki.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Djamila ta zo, ta ci shinkafa, ta yi wa amarya murna, amarya ta amsa da murmushi rabi da rabi. Da rana tsaka saƙon ango ya shigo: "Amaryata, daga yau makullin rumfa yana hannunki, sukundireba kuma yana aljihuna."

Mansoura ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ta rubuta: "Ina da nawa."

Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya albarkaci gidan da zuri'a ta gari.