Takalmin Malamar Kimiyya

Shekara guda cur ajin su Auta ba su da malamin kimiyya. Sai ga wata malama an turo daga gari mai nisa. Ba Musulma ba ce, kuma ba ta taɓa zama a garin Musulmi ba. Da yake ba ta sami gida ba tukuna, Baban Auta ya sauke ta a ɗakin baƙi na gidansu.

Auta yarinya ce mai ji da garinsu. Ta san ladubbansa kaf, kuma bakinta ba ya gajiya da faɗinsu.

"Ki kai Malama ta gaida Kaka," in ji Mama. "Ki kula da ita fa."

"Mama, ni ce fa. Ki bar mini kawai."

Da hantsi suka nufi ɗakin Kaka. Maƙwabta uku na zaune ana hira. Malama ta ɗaga labule ta shiga ba sallama, takalminta a ƙafa. Taku biyu, sai ga ta a kan dardumar da Kaka ke salla a kai. Ta miƙa ledar sabulu da hannun hagu tana murmushi.

"Malama, kin taka dardumar salla da takalmi!" Auta ta faɗa da ƙarfi. "Ga shi ba ki yi sallama ba. Kuma wa ke ba babba abu da hagu? Ko ɗan shekara uku ya san wannan."

Wata maƙwabciya ta rufe baki da gyale tana dariya. Malama ta ja da baya, ta ce, "Ku yi haƙuri," ta fita.

Ranar ba ta fito cin abinci ba. Da la'asar Auta ta gifta ta tagarta, ta hango ta tana ninke kaya cikin akwati. Ta ruga wurin Mama.

"Mama, Malama za ta tafi."

"To, ba ke kika kore ta ba?"

"Ni gaskiya na faɗa."

"Gaskiya ce. Amma a bakin ƙofa ya kamata ki faɗa mata a kunne. Darduma na wanke ta, ga ta can a igiya har ta bushe. Kunyar da kika ba ta fa, da wane sabulu za ki wanke?"

Auta ta sunkuyar da kai. Ta je ƙofar Malama ta yi sallama, ta jira har aka ce ta shigo.

"Malama, ki yafe mini. Laifina ne, ban gaya miki komai ba."

"Ba fushi nake ba, Auta. Tsoro nake ji. A ɗaki ɗaya na yi kuskure uku. A kasuwa nawa zan yi?"

Auta ta yi ɗan tunani. "Ni zan riƙa shiga gaba. Abin da na yi, ki yi. In kin manta wani abu zan taɓa kunnena, ba wanda zai gane."

Malama ta yi dariya, ta ture akwatin gefe.

Washegari suka koma ɗakin Kaka. Auta ta yi sallama, ta cire takalmi a hankali. Malama ma ta yi haka. Da aka kawo ruwa, hannun Malama na hagu ya motsa. Auta ta taɓa kunne. Nan take Malama ta karɓa da dama.

"Sannu da zuwa, 'yata. Zauna nan kusa da ni," in ji Kaka. Sai ta harari Auta. "Ke kuma uwar surutu, yau wa ya ɗinke miki baki? Ko kunnen ne ke ƙaiƙayi?"

Kowa ya yi dariya, har da Malama.

Ranar Litinin Malama ta shigo aji da sallamarta. Ta ce, "Garinku ya iya karɓar baƙo. Zan zauna."

Auta ta gyara zama, daɗi ya cika ta. Ta gane cewa babban ladabin garinsu shi ne mutunta baƙo. In bai sani ba, a koya masa a hankali, ba tare da an kunyata shi ba.