Aikin Da Ya Hana Aure

Raƙiya ta fara ganin Almoustapha ne ranar da ta kai wa yayarta abinci a ofishin wani furoje, wato shirin raya karkara, da ke Tawa. Yana gaban kwamfuta ana gwada shi, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf. Ya ɗago ya dube ta, ya manta abin da yake bugawa. Ita kuwa saura kaɗan ta ɓarar da miya.

A Yamai ya koyi rubuta manhajar kwamfuta, a shekarun da ma'aikata ke wata da watanni ba albashi. Da ya fara zuwa zance, mahaifinta Alhaji Isufu, dillalin shanu, ya ce magana ɗaya ce: ba aiki, ba aure. Ga kuma Attaher ɗan Abijan, shi ma yana neman ta, kullum sai ya zagayo ƙofar gida da sabon babur.

Furoje ya ɗauke shi, amma da sharaɗi. Shi kaɗai zai rubuta manhajar rijiyoyin Adar, ya kwana kusa da na'ura, ba Juma'a ba Lahadi, kuma ba aure sai kwantiragi ya ƙare. Ya aiko mata da saƙo bugagge: "Hasken idona, na samu aiki. Sai dai mu ƙara haƙuri."

Haƙuri kuma! Ta ɗauka wata budurwa ya samu a ofis, ta wuni tana huci. Da la'asar ya zo ya warware mata, haushin ya ƙaru.

"Aiki ne ko bauta?" in ji ta.

"'Yar lelena, ba wanda ya tilasta ni. Sun faɗi sharaɗinsu a fili."

"Sun san yunwa ake, shi ya sa! Wanda ba ya da zaɓi, ina yardarsa take?"

"In na ƙi, Baba ya ba Attaher ke."

"In ka karɓa fa, ni ka aura ko ƙarfe?"

Ta shige wajen mahaifinta, ta durƙusa, ta zayyana masa komai.

"To mi?" Alhaji ya ce. "A wannan zamani wa ke tsallake aiki?"

"Baba, Alƙasum da ke maka kiwo a Affala, ka hana shi aure?"

"Subhanallahi! Ni wa?"

"Kana hana shi Juma'a?"

Alhaji ya gyara hula, ya sa aka kira Almoustapha.

"Kai, ashe ba ka da wayo? Ko raƙumi ana sauke mai kaya! Tafi ka ce ba ka so. Ɗiyata na ba ka, ku ci gero tare da mu."

Almoustapha ya mayar wa furoje da takardar kwantiraginsu. Furoje ya nemi madadinsa har Yamai, bai sami mai yarda ba.

Ranar ɗaurin aure, ana tsakiyar rabon goro, sai ga daraktan furoje da farar mota, wai a ba shi ango, an sassauta sharaɗi. Raƙiya na cikin lalle ta ji muryar mahaifinta daga zaure:

"Ranka ya daɗe, yau ango ba ya aiki. Zauna ka shafa fatiha."

Darakta ya cire takalmi ya zauna, ya shafa. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.