Ƙugiyar da Ta Karya Jagora

Ranar Talata da safe aka gano ɓarnar. Malama ta shigo ofis, ko jaka ba ta ajiye ba, Oga ya tare ta da takardu a hannu.

"Ɗakunan karatu tara sun rubuto," in ji shi. "Duk wanda ya bi jagorarki, manhaja sai ta ce kuskure. Jibi za mu miƙa aiki. In ba a gyara ba, a nemo wata mai rubutun."

Aikin ofishin ɗaya ne. Sun haɗa manhajar da ke sa kwamfutar wani ɗakin karatu ta tambayi ta wani ta intanet: kuna da littafi kaza? Malama, wadda ta yi shekara ashirin tana koyarwa kafin ta zo nan, ita ke rubuta jagorar amfani da ita. Misali arba'in ta saka a ciki, wanda mutum zai kwafa ya gwada, kuma kowanne da hannunta ta gwada shi.

Ta zauna ta buɗe. A misali na farko, inda ta sa a nemi ƙamus, yanzu ga abin da ke rubuce: 'Kiwon Agwagwa a K'aramin Gida'. Na biyu ma haka. Duka arba'in ɗin agwagwa suke nema.

"Ikon Allah," ta ce a hankali.

Ta duba tarihin gyara. An yi canjin ranar Juma'a, ƙarfe ɗaya da kwata, daga kwamfutar da ke kusa da firinta, wadda kowa ke taɓawa kamar butar masallaci. Ta ɗauki biro da ɗan littafinta, ta fara da Injiniya, wanda ya haɗa manhajar.

"Ina kake Juma'a da rana?"

"Nan, ina faɗa da kwamfuta."

"Ka taɓa jagorar?"

"Malama, ni ko karanta ta ban taɓa yi ba."

Wannan ya yi mata zafi, amma ta san gaskiya ne. Ta juya masa madannan kwamfuta. "Rubuta mini ƙaramin gida."

Ya buga: karamin gida.

"Ina ƙugiyar?"

"Ai kowa ya gane."

"Shi ya sa bara ka rubuta wa Oga za ka kara masa aiki, ya kwana yana tunani. Je ka."

Sai mai gwajin manhaja, wadda ake kira Sai-na-gwada, don ko ruwa aka ba ta sai ta ɗanɗana kafin ta yarda ruwa ne. Ta buga kalmar da ƙugiyarta tsaf.

"Anti, ni kike zargi? Da ni ce, ai da na gwada. Misali arba'in, ko ɗaya bai yi aiki ba! Wannan cin mutunci ne."

Malama ta soke sunanta. Oga kuwa da yatsa ɗaya yake rubutu. Da shi ne, da har yanzu yana kan misali na shida.

Saura Baba Mai Gyara, dattijon da ke duba kurakuran rubutu. Ta same shi a lungunsa yana ɓare dafaffen ƙwai, wani ƙato da shi.

"Baba, sannu da aiki. A ina ka fara aiki ne ma?"

"Akawu, 'yata. Shekara talatin ina kan tafireta."

"Tafireta tana da ƙugiya?"

"Ina fa! Sai ka buga k, ka ɗora mata waƙafi a sama. Hannu ya saba, har gobe in na yi sauri..." Ya tsaya. Ya dubi ƙwan kamar shi ya yi maganar.

Malama ta ja kujera ta zauna kusa da shi, ta kira sauran. Ta yi bayani yadda take yi wa 'yan aji, ɗaya bayan ɗaya. Manhajar tana karɓar sunan littafi ne tsakanin waƙafi biyu na sama, ɗaya ya buɗe, ɗaya ya rufe. Da ta zo kan K' sai ta ɗauka sunan ya ƙare, ragowar kuma ta rasa inda za ta sa shi, ta ce kuskure. Injiniya ba ya sa ƙugiya sam, Sai-na-gwada tana sa ta daidai. Mutum ɗaya ne a ofishin yake rataye ta a gefe.

"Kuma wannan ba ƙwan kaza ba ne, Baba," in ji Malama.

Baba ya sauke hularsa. Shi ya rubuta littafin agwagwar, shekara biyar da suka wuce, kwali shida na nan ƙarƙashin gadonsa, matarsa ta ce ko su ko ita. Ya yi tunanin in ɗakunan karatu suka ga ana ta neman littafin, dole su saya.

Oga ya buɗe baki zai yi tsawa, Malama ta ɗaga biro.

"Ranka ya daɗe, jagorar ba ta da babi a kan haruffa masu ƙugiya. Da an miƙa ta a haka, duk tsohon akawun da ke ɗakunan karatun nan sai ya faɗa ramin da Baba ya faɗa. Gara da muka gani a gida."

Kafin la'asar ta mayar da misali talatin da tara, ta rubuta sabon babi. Na arba'in ta bar wa agwagwa, sau biyu: yadda ba a rubutawa, da yadda ake rubutawa. Oga ya karanta, ya ce maganar neman wata mai rubutu wasa yake yi.

Sai-na-gwada ta ce sai ta gwada. Suka taru a bayanta, Baba a gaba. Ta buga sunan da ƙugiyarsa, tambaya ta tafi ɗakunan karatu tara, amsa ta dawo: kwafi ɗaya, an ara sau ɗaya, shekara uku ba a mayar ba.

"Alhamdulillahi!" in ji Injiniya. "Baba, ashe kana da mai karatu."

Baba ya mayar da hularsa a hankali.

"Gobe zan mayar musu," ya ce.