Sanduna Goma Sha Takwas

Ƙarfe bakwai da kwata na safe Koci Mansura ta buɗe ɗakin ajiya na funduƙin, wato otal ɗin, da aka sauke su a unguwar Waziriyya, ta tarar babu jakunkunan sanduna. Biyu ne dogaye, kowace da sanda takwas. Ba a bar ko ɗaya ba.

Ƙungiyar lakuros ce ta matan Nijar, shekararta huɗu da kafuwa, kuma wannan gasa ta Jidda ita ce fitarta ta farko waje. Wasan da sanda ake yin sa, mai 'yar raga a kai. Da ita ake cafe ƙwallo, da ita ake jefawa. Shekaranjiya Uganda ta ci su sha bakwai da biyu. Yau da ƙarfe biyar za su kara da Japan.

Mudirin funduƙin, wato manajan, bai ɓata lokaci ba. Ba a fasa ƙofa ba, makulli kuma biyu ne: ɗaya wurin koci, ɗaya wurin Tani mai shara. Ya ce zai kira 'yan sanda.

Mastura ce ta tsaya masa a gaba. Ita ce tafintar da masu gasar suka haɗa da tawagar, haifaffiyar unguwar Sa'alaba a nan Jidda, iyayenta Hausawan Sudan. Shekara tara ta yi a wani ofishin shahan, masu aika kaya ƙasashen waje, kafin ta koma tafinta. Ta san iƙamar Tani, takardar izinin zamanta a ƙasar, ta mutu tun bara, kafilinta, wanda ya tsaya mata a hukuma, yana ta ja mata rai. In 'yan sanda suka shigo, ko an sami sanduna ko ba a samu ba, matar da ta shekara ashirin da biyu a Jidda sai jirgi, a mayar da ita ƙasarsu.

"Ka ba ni zuwa azahar," ta ce da shi cikin Larabci.

"In kuma ba ki samo ba?"

"Ni zan danna maka lambar."

Ta iske Tani a ɗakin wanki, ta ɗaure 'yan kayanta a leda.

"Khala, kwance wannan ledar. Yaushe rabonki da ɗakin?"

"Jiya bayan azahar, da suka dawo motsa jiki. Na goge ƙasa na kulle."

"Jakunkunan suna nan?"

"Suna nan. Har na ɗaga su na goge ƙarƙashi."

"Daga nan?"

"Na tafi Sa'alaba walimar suna. Mata sun fi talatin a gidan, ki tambaya." Tani ta ciro makullin daga zaren wuyanta. "Ga shi, ko wanka da shi nake shiga. Ya binti, 'yata, me zan yi da komar kama kifi? Wa zai saya?"

Mastura ta buga waya biyu. Tun kafin la'asar Tani ke gidan sunan, ita ce ma ta raba shinkafa.

Koci Mansura na tsaye bakin ɗakin ajiya tun da ta buɗe shi, ba ta bar kowa ya shiga ba. Mastura ta shiga ta duba. Kyamarar ɗaukar wasa na kan kanta. Takalma sababbi ƙafa goma na cikin kwalayensu. Ga kuma wata shuɗiyar jaka a can sama, a zuge.

"Kyamarar nan da takalman, kafin magariba an sayar da su a kasuwar gwanjo," in ji Mastura. "Sandar lakuros kuwa, duk Jidda ba mai tayawa. Makullinki fa?"

"Yana wurina."

"Jiya da yamma ma?"

"Mun kai yara bakin teku su sha iska. Abayata ba aljihu, sai na jefa shi a jakar takardun tawaga."

"Jakar ta bi ku?"

"A'a, nan aka bar ta, a zauren taro."

Kafin Mastura ta sake tambaya, aka ce Malam Salihu na nemanta. Shi ne shugaban tawagar, dattijo mai farin gilashi, wanda ya kafa ƙungiyar a filin wata makaranta a Yamai. Ta same shi a zauren taro da takarda a gabansa.

"Koci ta faɗa mini abin da ya faru," ya ce. "Zauna ki rubuta wa masu gasa da Larabci. An sace mana sanduna goma sha takwas, don haka ba za mu iya fitowa yau ba. Mun yi forfe, mun bar musu wasan. Za mu haɗa da rahoton 'yan sanda."

Ta rubuta. "In an yi forfe, me ake sa wa a sakamako?"

"Ɗaya da nema."

"Akwai wanda kake zargi, Malam?"

"Mai sharar mana. In ba ita ba, a tambayi kyaftin. Bayan wasan Uganda na ji ta da kunnena tana cewa ba za ta sake shiga fili ba."

"Kai ka je bakin teku jiya?"

"Kaina ke ciwo. Na kwanta."

Ta ce za ta gyara rubutun ta kawo masa, ta ninke takardar ta fita da ita.

Zubaidatu, kyaftin ɗin, 'yar Damagaram ce, doguwa, malamar firamare. Mastura ta same ta a bayan funduƙi tana jefa wa bango ƙwallo da hannu.

"An ce kin ce ba za ki sake shiga fili ba."

"Rabin maganar aka kawo miki, Tanti. Cewa na yi ba zan sake shiga fili in tsaya ina kallon mutane suna wuce ni ba." Ta cafe ƙwallon. "Kwana uku muka yi a hanya. Na bar 'yata wurin uwata, ko yaye ban gama ba. In ba a samo sanduna ba, ki aro mana muciya."

Ta nuna hotunan bakin teku a wayarta. Tana cikin kowanne, daga la'asar har aka kira magariba.

Mastura ta koma wurin koci. "Da kika gaya wa Malam, nawa kika ce an ɗauka?"

"Sha shida."

"Duka-duka nawa kuka zo da su?"

"Sha takwas. Biyun na ko-ta-kwana ne, suna cikin shuɗiyar jakar nan, ƙarƙashin riguna."

"Wani ya buɗe ta yau?"

"Ko ni ban taɓa ta ba."

Suka sauko da ita. Riguna ne kawai a ciki.

Mudirin ya ce an ga motar tawagar a ƙofar baya jiya da yamma, inda babu kyamara. Direban, Nuraddeen, Bakatsine ne da ya shekara shida a Jidda. Yana wanke gilashi Mastura ta tare shi.

"Me ya kawo ka ƙofar baya?"

"Aiki, Anti. Da na sauke su a bakin teku, Malam ya kira ni. Tsaraba ya saya zai aika gida."

"Wace iri?"

"Darduma, ya ce. Ɗauri biyu dogaye, an naɗe da kwali da salatif."

"Kai ka ɗauka?"

"Na ɗauki ɗaya. Wallahi har na ce masa, wannan dardumar ta China ce ko? Ba nauyi sam."

"Ina ka kai shi?"

"Bab Makka, layin masu shahan."

"Yalla. Tayar da motar."

Ofishi na uku da suka shiga, Nuraddeen ya gane kantar. Mai tsaron wurin, Usman, tsohon abokin aikin Mastura ne. Ya buɗe littafin karɓa. Ga sunan mai kaya, ga lambar fasfo: darduma shida, zuwa Yamai, kilo goma sha ɗaya.

"Darduma shida masu tsawon nan, kilo sha ɗaya?" in ji Mastura. "Usman, kai da kanka ka auna?"

"Sabon ma'aikaci ne ya karɓa." Ya sosa gemu. "Ba na buɗe kayan mutum ba ya nan, ya ukhti."

"To bar shi a buɗe a filin jirgi, a ga abin da ke ciki ba shi ne a takarda ba. Hatimin wa ke kai?"

Usman ya ɗauko wuƙa ya tsaga kwalin. Raga fara ta leƙo.

Sha biyu saura kwata suka shigo zauren taro. 'Yan wasan duk suna zaune tare da koci da Malam Salihu, mudirin na tsaye da waya a hannu, Tani na rakuɓe a bakin ƙofa. Usman da Nuraddeen suka dire ɗaurin biyu a kan tebur. Usman ya buɗe littafinsa ya ce kaya ba sa komawa sai mai su ya sa hannu. Ya tura wa Malam Salihu biro.

Malam Salihu bai ɗauka ba.

"Ɓarawon da ya bar kyamara ya ɗauki sanda ba sayarwa zai yi ba," in ji Mastura. "So yake kada a yi wasa. Shi ya sa ya kwashe har biyun da ke ɓoye ƙarƙashin riguna, waɗanda sai ɗan gida ya san da su. Makullin koci ya wuni a jakar takardu, kai kuma kaɗai ne ba ka je bakin teku ba. Da safe koci ta ce maka sha shida. Kai ka ce in rubuta sha takwas, alhali ba a buɗe shuɗiyar jakar ba tukuna." Ta ajiye wasiƙar kusa da littafin. "Sauran kuwa ga shi da lambar fasfonka."

Malam Salihu ya cire gilashinsa ya goge. Bai yi musu ba.

"Ni na kawo sandunan nan Nijar," ya ce. "Bibbiyu na riƙa roƙo su. Bayan wasan Uganda aka kira ni daga gida, aka ce in an sake jin irin wannan ci, an rufe zancen lakuros na mata. Japan za ta zuba muku talatin. In mun yi forfe, ɗaya da nema za a gani, a ce sata aka yi mana, a tausaya. Ku nake karewa. Sandunan ma gida za ku tarar da su."

Zubaidatu ta miƙe.

"Baba, wa ka tambaya a cikinmu?"

"Ke yarinya ce, ba ki san yadda..."

"Na san talatin. Ina koya wa yara ƙirga. In Japan ta ci mu talatin, mu aka ci, a fili, da guminmu. Gobe mu san inda muka gaza. Kai kuwa so ka yi mu koma gida a ce ba mu iya tsaron ko sandarmu ba." Ta nuna bakin ƙofa. "Wannan baiwar Allah fa? Ita wa zai kare ta? Da yanzu tana motar 'yan sanda, kana nan kana shan shayi."

Malam Salihu ya dubi Tani, ya sunkuyar da kai.

"In sun rufe a gida, su rufe," in ji Zubaidatu. "A filin makaranta muka fara, filin yana nan."

Koci Mansura ta jawo jakar takardun tawaga ta rataya a kafaɗarta. Ta ce ita za ta rubuta rahoton abin da ya faru, kuma Malam ba zai zauna a bencinsu ba, yau ko gobe. Ya sa hannu a littafin Usman. Mastura ta sa shi ya maimaita a gaban mudir cewa Tani ba ta da hannu, ta fassara kalma-kalma. Mudirin ya mayar da wayarsa aljihu.

"Halas," ya ce. "Magana ta ƙare a nan."

"Ba ta ƙare ba," in ji Tani. "Bai ce mini komai ba."

Sai da Malam Salihu ya taso ya tsaya a gabanta ya nemi gafara. Ta saurare shi har ya gama, ta ce ta ji, ta koma aikinta.

Ƙarfe biyar suka shiga fili. Kafin hutun rabin lokaci Japan ta zuba sha uku. Mai tsaron gidan Nijar ta tare takwas, cinyarta duk ta kumbura, ta ƙi fita. A zango na ƙarshe Zubaidatu ta tsinci ƙwallo a ƙasa, ta ratsa mutum biyu, ta faɗi, ta tashi da ƙwallon a ragarta, ta jefa. Ya shiga. Hausawan Sa'alaba da Waziriyya da suka cika kusurwa ɗaya ta filin, yawancinsu ba su san dokar wasan ba, suka tashi da guɗa.

Aka tashi Japan ashirin da biyu, Nijar ɗaya.

Mastura na tattara gorunan ruwa Zubaidatu ta zo tana ɗingishi, leɓenta a fashe.

"Tanti, zo ki yi mini tafinta."

"Wurin likita?"

"Wurin kocin Japan. Ki tambaye ta ƙarfe nawa suke motsa jiki gobe. Ki ce mata muna zuwa, kuma ba kallo za mu zo yi ba."