Hirar da Likita Ya Wajabta

Tana ɗaura wa mijinta igiyar takalmi ke nan surukarta ta ɗaga labule.

"Ina kuma za ki ja shi? Mutumin da aka tsaga wa ƙirji!"

"Inna, likita ne ya ce ya riƙa ɗan tattaki kullum. Daga nan zuwa shagon ɗinkinsa kawai, mu juyo."

Tun da aka yi wa tela aikin zuciya haka suke yi: tafiyar hawainiya, hannunsa cikin nata, tana jansa da hira. Dokar likita ce. Muddin yana magana ba haki, tafiya ta yi daidai. Da numfashi ya fara katse masa zance, a tsaya. Inna kuwa rashin kunya kawai ta gani.

"Hira a titi kamar saurayi da budurwa! Maƙwabta sai nuna mu suke da baki. Tattara ki tafi gidanku, ni zan yi jinyar ɗana!"

Tela ya buɗe baki, matar ta girgiza masa kai. Zuciyar da aka ɗinke jiya-jiya ba ta ɗaukar rigima. Ta tafi tana kuka, tsoronta ɗaya, kada kwanciya ta kashe mata miji.

Ta waya ta riƙa jin labari: Inna ta kwantar da shi, ko tsakar gida ba ya takawa, ƙafafu sun kumbura, likita ya yi faɗa.

Rannan da hantsi sai ga Inna a gidan iyayen matar, ta zauna tana murza gefen mayafi.

"Na fita da shi da kaina. Ni gaba, shi baya, shiru kamar masu rakiyar gawa. In na ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Ashe kunyata yake ji, yana ta haɗiye haki, har jiri ya zaunar da shi a bakin kwata." Ta ɗago ta dubi matar ɗanta. "Na rasa me zan ce masa. 'Yar nan, wai me kuke faɗa haka?"

"Shirme ne, Inna. Tsiya nake masa, yana ramawa."

"To tashi mu je, ki ci gaba da shirmen."

Washegari suka fito, tela na tsokanar matarsa, Inna na tsaye a bakin ƙofa tana harare-hararen maƙwabta. Da matar ta ɗaga murya ranar da aka kore ta, da wuya Inna ta tako. Haƙuri ne ya kawo uwar miji biko da ƙafarta.