Ƙasar Kufai a Kunnen Garma

Akuya na fita nema, ba wani abu ba. Rana ta yi ja, uwar garken nan mai taurin kai ba ta dawo ba. Na ɗauki igiya na bi hanyar rafi, raina a ɓace, domin tun safe muke faɗa da ɗana Gershon.

A kan ƙarfe muke faɗan. Wata tsohuwar garmar tarakta ce da ta daɗe a kafe a kufan dangin mijina, can hayin rafi. Gershon bakanike ne a Kafanchan, in ya ga tsohon ƙarfe sai ya rikice kamar kare ya ga ƙashi. Da safen nan ya aro tarakta ya jawo ta har tsakar gidana.

"Mama, kin san asalin wannan kuwa?" in ji shi, yana shafa ta. "Garmar shanu ce Turawa suka jera guda uku a kan ƙarfe ɗaya. Dubi kunnuwan. Kowane kunne dama yake kifar da ƙasa, ba ya yin hagu. Na yanzu masu faifai, in sun gamu da dutse ko saiwa, hayewa suke yi su wuce. Wannan ba ta hayewa, yankawa take yi. Irin zurfin da citta ke so ke nan."

Na ce, "Ni za ka koya wa? Ina goye da ƙanwata aka sauke ta daga jirgin ƙasa. A idona ta yi yankan."

Wanda ya ƙera ta, a garinsu matattu wuri guda suke, kowa da dutse a kansa. Mu a da, bayan ɗaki muke binne namu. Gida ya tashi, kabari ya zauna. Mai garmar hannu ya san wurin, kewayewa yake yi. Kambai, wanda aka koya wa tuƙin tarakta, shi ma ya sani, amma ƙarfen miƙewa kawai ya iya. Ya ratsa kufan. A tsakiya garmar ta kafe, ta ƙi gaba ta ƙi baya, aka kwance tarakta aka bar ta. Kambai bai ga kakar wannan shekarar ba. A kan gadonsa aka same shi, bakinsa cike da jar ƙasa.

Ku 'yan yanzu ba ku sani ba. A wajenmu, in ka tashi daga gona, kakan buga garmarka ka karkaɗe ƙasar a inda ka same ta. Ƙasar gona ba ta kwana a gida. Gershon kuwa ya kawo wannan da ƙasarta, jajir, ta daskare a kunnuwa.

"Kankare ta ka mayar musu," na ce.

"Su wa? Mama, ke fa 'yar zumuntar mata ce. Me fasto zai ce?"

"Fasto bai yi naƙudarka ba, wawa."

Ya yi dariya, ya ɗauki sifana ya shige ƙarƙashinta. A haka na bar shi.

Na tarar da akuyar a bakin rafi. Tana tsaye, ba ta kiwo, jikinta yana rawa. Sai na lura gyare sun yi shiru. Ko tsuntsu babu.

Ƙamshi ya fara zuwa. Ƙamshin sabuwar ƙasa da aka juya, alhali ko ɗigon ruwa ba a yi ba tukuna. A bayansa kuma warin ƙonannen baƙin mai.

Sannan ƙara. Ba ta inji ba. Ƙarar ƙarfe yana ratsa ƙasa a hankali, saiwa tana tsinkewa, ƙas, ƙas.

Na waiwaya. Hanya tana tsagewa. Babu tarakta, babu sa, babu mutum. Kunya ce guda take buɗewa ita kaɗai, daga wajen kufan, tana bin sawun tayar da Gershon ya bari.

Na ƙura ido. Hagu ƙasar take faɗawa.

Maganar ɗana ta dawo mini: ba ya yin hagu. Sai na gane. Hagun da nake gani, hannun daman mai noman ne. Daga ƙarƙashi yake noman, ƙafarsa na kallon ƙafata.

Kunyar ta zo daidai inda nake. Ta tsaya. Sanyi ya huro daga cikinta kamar an buɗe tsohuwar rijiya.

"Ina sauranmu?"

Raɗa ce, amma ba ta mutum ɗaya ba. Babu roƙo a cikinta.

Na saki igiya. Gwiwoyin nan da ba sa kai ni coci sai na huta a hanya, ranar sun yi gudu. Ƙarar tana bayana. Ƙas. Ƙas.

Na faɗa tsakar gida ina kiran Gershon. Ƙafafunsa kawai na gani, suna shure-shure. Na durƙusa. Ƙasar da ko guduma ba ta fasa ta ba da safe, yanzu zuba take yi daga kunnuwan kamar gari, kai tsaye cikin bakinsa. Idonsa a buɗe yana kallona.

Na ja ƙafarsa. Kamar in ja dutse.

Danga ta karye a bayana.

Na kwance zanen kafaɗata na shimfiɗa. Na sa hannu na kankare kunne na fari, na biyu, na uku, ƙarfe yana yanka ni. Na cusa yatsa a bakin ɗana na kwaso abin da ke ciki. Na tattare zanen.

Kunyar ta riga ta kai bakin murhu.

Na juye mata. "Ga taku," na ce. "Ku bar mini nawa."

Raɗar ta dawo.

"Saura."

Na duba zanen, fes. Na duba garmar, fes. Sai na duba hannuna na dama. Ƙasa ce maƙale a ƙarƙashin farcena.

Gershon ya daina shure-shure.

Na tura hannun cikin kunyar har gwiwar hannu.

Aka kama. Yatsu ne masu sanyi, da yawa, manya da ƙanana. Suka bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ba da gaggawa ba, kuma ba da tausayi ba. Na kira sunan Yesu har muryata ta dishe.

Aka sake ni, babu farce ko ɗaya a hannun.

Kunyar ta fara rufewa, tana komawa ta inda ta zo. A bayana Gershon ya yi tari.

Washegari shi da kansa ya mayar da garmar, ya kafa kunnuwanta a raminsu na da. Ya gama daminar nan yana tofar da jan yawu, amma ya rayu, ga 'ya'yansa nan suna cinye mini gyaɗa. Yanzu in an dawo daga gona, shi ne ke tsayawa a bakin danga yana sa kowa ya buga takalminsa, kuma ba ya dariya.

Farcena na dama bai sake fitowa ba. Duk abin da na shuka da hannun ba ya tsirowa, da hagu nake shuka. Wannan bai dame ni ba, tsohuwa ce ni. Abu ɗaya ne kawai. In zan tashi daga tabarma na manta na dafa ƙasa da shi, sai in ji an dafa daga ƙarƙashi.