Bangon Da Ba Ya Bushewa

Ku yi mini afuwa tun kafin mu fara. Ni ba marubuciya ba ce, mai karatu ce kawai, irin wadda ake samu a lungu da littafi a cinya ana ta kiranta ba ta ji. Sau uku ina yaga shafin farko. In kun ci karo da kuskure ku rufa mini asiri, labarin ne ya hana ni sakat sai na rubuta shi.

Ranar da silin ɗakin Inna ya rufto, Auta tana durƙushe a gindin bango tana kankare fentin da ya kumbura kamar fatar da wuta ta taɓa. Ƙara kawai ta ji, sai ƙura ta turnuƙe ɗakin, sai tarin mahaifiyarta. "Innalillahi! Inna!" Ta yar da wuƙar ta ruga. Allah ya taƙaita, tsohuwar ta tashi zaune ke nan za ta sha magani, jiƙaƙƙen silin ya faɗo daidai kan matashin da ta ɗaga kanta daga kai. Auta ta rungume ta tana kakkaɓe mata ƙura daga ɗankwali, hawaye na zuba, ita kuwa Inna, da numfashi ke fita da ƙyar, cewa take yi, "Daina kuka, Auta... ba ga ni ba? Matashi ne ya sha duka, shi kuma bai da ƙashi."

Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifin Auta. Gidan shi da ƙaninsa Baffa suka gada, da ya rasu sai aka raba: Baffa ya ɗauki ɓangaren gaba, Auta da Inna aka bar musu ɗaki biyu da kicin a baya. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin Inna da ɓangaren Baffa. A ranar rabon, Goggo, babbar yayar Baffa da marigayin wadda ba a tsallake maganarta, ta kafa sharaɗi: kowa ya kula da nasa, wanda kuma ya bar nasa ya lalace har ya zama barazana ga ɗan'uwa, to ya sayar wa ɗan'uwan ya tashi. Auta ta amsa da sauri a lokacin. Tela ce, keken ɗinkinta biyu, hannunta na kawo abin da za su ci, me zai gagare ta a ɗaki biyu?

Ashe ba ta san gida ba! Gida ba ya ihu, a hankali yake roƙo, yau ƙusa, gobe buhun siminti, jibi makulli, kuma bai taɓa cewa ya ƙoshi ba. Mutum yana zaton shi ya mallaki gida, sai ya wayi gari ya ga shi ne ɗan aikin gidan. Duk wannan da sauƙi, da Auta ta jure, in ba don bangon nan ɗaya ba. Shekara guda bayan rabo wani tabo ya fito a jikinsa, ɗan ƙarami kamar tafin hannu. Ta goge, ya dawo. Ta shafa fenti, ya ci fentin ya fito da faɗinsa. Ta kira kafinta, ya hau sama ya sauko yana girgiza kai, ya ce kwano ne ke yoyo, aka canza kwano shida. Ba a yi wata biyu ba tabon ya dawo. Ta kira magini, ya ƙwanƙwasa bangon ya ce kafinta bai san aikinsa ba, danshi daga ƙasa yake tasowa, aka fasa gindin bango aka sake yaɓe. Ya dawo! Wata safiya soket ya yi tartsatsi saboda laima, mai gyaran wuta ya zo ya zagi magini, ya karɓi nasa ya tafi. Kowa da ya zo sai ya zagi wanda ya riga shi, bango kuwa yana nan yana gumi.

Kowane ɗaya daga cikinsu sai da ya nemi ya leƙa bayan bangon, kowane ɗaya Baffa ya tare shi a ƙofa. "Ba ƙaton da zai shigar mini gida, da iyali a ciki. Ɓangarena lafiya lau yake, tayil ne tun daga ƙasa har sama, ko ɗigo babu. Ku je ku tambayi wadda ke wanki tana sheƙa ruwa a gindin gini."

Wanki! Auta da ke ɗaukar baho ta fita da shi har bakin kwata don kada ɗigo ya taɓa bangon! Amma maganar Baffa ce ta zaga dangi. A gidan wannan a ce Auta ƙazama ce, a gidan wancan a ce mace ba ta iya riƙe gida, wai tana so ta rushe ginin kakanni a kan mutane. Ita dai ba ta tanka ba, don Inna ta hana. "Ƙanin ubanki ne," in ji ta, "uba ne. Ki bar shi da Allah."

Sai ta sayar da keken ɗinki mai aiki da wuta, ta koma kan na ƙafa, ƙafafunta na kumbura. Sai laima ta shiga akwatin da take ajiye yadin mutane, wani leshi mai tsada ya yi baƙin tabo, mai shi ta tsaya a tsakar gida ta wanke ta tas, maƙwabta na leƙe, daga ranar kuma masu kawo ɗinki suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Sai ƙirjin Inna ya kama, likita ya ce iskar ɗakin ce ke cinye ta. Auta ta mayar da ita ɗaya ɗakin, tsakanin keke da tarin yadi, amma warin laima ba ya jin ƙofa, yana bin su duk inda suka kwanta, har Inna ta gaji ta koma ɗakinta. Sau da yawa takan tsaya gaban bangon ta ɗora goshinta a kan sanyinsa ta ce, "Me kake so kuma? Na ba ka kwano, na ba ka siminti, na ba ka kekena... Ya Allah, Kai ka san ban zuba ruwa ba. Ka fitar da ni."

Faɗuwar silin ita ce abin da Baffa yake jira. Kwana uku bayan haka ya kira Goggo, ya zo da takardar sayarwa a aljihu, aka shimfiɗa tabarma a ɗakin da ya lalace don kowa ya gani da idonsa. Matar Baffa ta tsaya daga bakin ƙofa. A kicin kuwa akwai wani tsohon mai gyaran famfo da Auta ta kira tun da safe, saboda kan famfonta na ɗiga ba ta so a ƙara samun abin faɗa a kanta.

"Yaya, ki duba da kanki," in ji Baffa, yana nuna sama da ƙasa. "Saura kaɗan ta kashe uwarta. Gobe bangon nan ya faɗo wa 'ya'yana fa? Ni don zumunci ma zan saya, wa zai ba da kuɗi a kan wannan kangon?"

Goggo ta daɗe tana kallon tabon, wanda yanzu ya kai tsayin mutum. Ta nisa. "Auta, ni na kafa sharaɗin nan, ba zan zama ta farkon karya shi ba. Kin yi iya yinki, na sani. Amma abin ya fi ƙarfinki."

"Goggo, ina za mu je?" Muryar Auta ta karye. "A ɗakin nan Baba ya cika... a nan aka haife ni. Ku ba ni wata uku, don Allah, zan sayar da ɗaya keken..."

"Ki sayar ki ci me?" Baffa ya miƙa mata biro. "Sa hannu, yarinya, kada ki ɓata wa manya lokaci."

Inna ta rufe fuska da mayafi. Auta ta karɓi biron, hawaye na ɗiga a kan takardar.

"Salamu alaikum. 'Yata, na gama, roba ce kawai ta cinye." Mai Famfo ne a bakin ƙofa, tsoho mai furfura a gemu, da sifana a hannu. Idonsa ya sauka a kan bangon, sai ya manta da sallamar da ya zo yi. Ya shigo ba a ce ya shigo ba, ya shafa tabon, ya kai yatsun hancinsa. "Ikon Allah. Wata nawa rabonmu da ruwan sama?"

"Biyar," in ji Goggo.

"Wata biyar, bango na zufa kamar ya yi gudu! Hajiya, shekarata arba'in ina bin ruwa, ban taɓa ganin ruwan sama mai ƙamshin sabulu ba. Mene ne a bayan nan?"

"Malam, an biya ka, kama hanya," in ji Baffa.

"Ba a biya ni ba tukuna, Alhaji, shi ya sa nake da bakin magana. Mene ne a baya?"

"Banɗakinsu ne," Auta ta faɗa a hankali.

Tsohon ya juya wajen Goggo. Ya ce ba ya neman fasa komai, shuɗin wanki kawai yake so a ba shi ya zuba a magudanar banɗakin, a saki famfo. In bangon bai ce komai ba, shi da kansa zai ba Alhaji haƙuri ya yafe kuɗin aikinsa. Baffa ya miƙe yana faɗa, wai ba za a keta masa haddin gida ba, amma Goggo ta ɗaga hannu. "Zauna. Ni ba ƙato ba ce, ni zan zuba da hannuna."

Ta karɓi ƙullin shuɗin daga hannun Auta ta fita. Aka ji ƙarar famfo ta bayan bango. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai numfashin Inna. Goggo ta dawo ta zauna. Minti goma, ba komai. Baffa ya fara murmushi yana gyara hula. Minti ashirin... sai ga wani siririn layi ya ɓullo daga tsagar da ke saman tabon, shuɗi shar, ya gangaro a hankali a kan farin fentin da Auta ta shafa da hannunta, ya sauka har ƙasa.

"Allahu Akbar!" Inna ta faɗa da wata murya da aka daɗe ba a ji ta da ita ba.

"Ni... ban sani ba," in ji Baffa. "Wa yake ganin cikin bango?"

"Haba, Alhaji!" Matarsa ce daga bakin ƙofa, abin ya kuɓuce mata. "Ba tun shekara uku nake ce maka ka canza bututun nan ba? Ka ɗaure shi da robar taya ka mayar da tayil, ka ce ai ba ta wajenmu yake fita ba..." Ta toshe bakinta da hannu, amma magana ta riga ta fita.

Goggo ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki takardar daga gaban Auta, ta ninke, ta miƙa wa ƙaninta. "Shekara uku kana wanka, ruwan dauɗarka na sauka a kan matar yayanka da marainiyarsa, kana yawo da sunanta a dangi. Ka ji kunya, wallahi ka ji kunya."

Da aka ɓalle tayil ɗin a ranar, sai aka ga abin da ya fi haka. Ruwan bai tsaya a bangon Auta ba, ya bi ta ƙarƙashi ya cinye harsashin banɗakin Baffa da ɗakin ajiyarsa, ƙasa ta zama taɓo, Mai Famfo ya tura sanda ta shige har rabi. Ya ce duk sai an rushe an tayar daga tushe. Goggo ta yanke hukunci a tsaye: bangon Inna za a fara ginawa da silinsa, daga aljihun Baffa, ya dawo wa Auta da kekenta, ya biya mai leshi, sannan ya bi gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya da ƙafarsa ya janye abin da ya faɗa. "Sharaɗin kuma yana nan," in ji ta. "Ɓangarenka ne ya zama barazana. In Auta ta so, kai ne mai tashi."

Kowa ya juya yana kallon Auta. Baffa, wanda bai taɓa sunkuyar da kai a gabanta ba, ya kasa ɗagowa. Auta ta share ido da bakin mayafi.

"Ba na son kowa ya tashi, Goggo. Na san yadda ake ji in an miƙo wa mutum biro. Ya gyara kawai... ina so Inna ta kwana a ɗakinta tana numfashi."

Inna ta jawo ta jikinta tana sa mata albarka, Goggo ma ta kau da kai tana goge ido. Mai Famfo ya yi gyaran murya ya ce shi dai har yanzu ba a biya shi kuɗin roba ba, kuma a wannan karon ya san aljihun da zai nufa. Dariya ta kuɓuce wa Inna cikin kuka, har tari ya sarƙe ta.

Ni kuwa, da nake raɓe a lungu tun farko ina sauraro, da na ga hankalin kowa ya koma kanta ana miƙo ruwa ana sannu, sai na tattara 'yan takarduna, na ɗauki takalmana a hannu, na sulale ta ƙofar baya tun wani bai juyo ya tambayi 'yar wace ce ba.